Masu Tatsar Kasa

"Kar ka ɗaga ƙafar nan."

Kawu ne ya faɗa, da wata murya da ban san shi da ita ba, yana fassara mini abin da jagoranmu ya ce da Faransanci. Na ƙame a wurin, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gumi na bin gadon bayana. Muna cikin kurmin Mondah, arewa da Libreville a kan hanyar Cap Estérias, gandun da aka raɗa wa sunan André Raponda-Walker, fadan Katolika na farko ɗan ƙasar Gabon, wanda ya tsufa yana rubuta sunayen itatuwan ƙasarsa da amfaninsu. Jagoran ya miƙa sandarsa ya nuna gindin wani itacen okume, kamar taku huɗu daga inda nake. Na duba. Busasshen ganye ne jibge, wani ja, wani ruwan ƙasa, wani ya fara ruɓewa.

"Kawu, ni fa ban ga komai ba."

"Ai shi ya sa aka ce ka tsaya, ɗana. Da kana ganinta, wa zai ɓata bakinsa?"

Na fi minti uku ina zare ido. Abin da na fara gani ƙwayar ido ce, 'yar ƙarama mai ruwan azurfa, da tsaga a tsaye kamar ta kyanwa da rana. Sai ganyen da idon ke kai ya rikiɗe ya zama kai, faffaɗa kamar tafin hannuna, har da baƙin layi a tsakiya daidai inda jijiyar ganye take. Daga nan sauran jikin ya fito mini gaba ɗaya, ya fi taɓarya kauri, a miƙe cikin ganyen. Tun ɗazu tana nan. Ni ne dai ban iya kallo ba.

Wannan ita ce kasar Gabon, 'yar uwar kasarmu ta gonakin Arewa. Zuriyarsu ɗaya, wadda masana ke kira Bitis. Tamu Bitis arietans, ta kurmi Bitis gabonica. Sunan nata daga nan bakin ruwan ya samo asali. Turawan Fotugal da suka iso mashigar kogin Komo wajen 1472 sun ga fasalin wurin kamar alkyabba mai hula, suka kira shi gabão. A 1849 Faransawa suka zaunar da bayin da aka ƙwato daga wani jirgin ruwa a gaɓar mashigar, aka ce da garin Libreville, wato garin 'yantattu. Shekara biyar bayan haka, a 1854, wani littafi ya fito a Paris da sunan Duméril da ɗansa da Bibron, a ciki aka bayyana wannan macijiya aka jingina ta ga Gabon. A lokacin, in an ce Gabon, mashigar nan da kewayenta ake nufi, inda yau motocin haya ke rige-rige a titin bakin teku.

Tsawonta yakan kai mita ɗaya da rabi, nauyinta yakan haura kilo 8. A duk macizai masu dafi na duniya babu wanda ya kai ta tsawon fiƙa, don tata tana kai santimita 5, kusan tsawon ɗan ƙaramin yatsa. Kuma da wuya a sami wanda ya kai ta yawan dafi: tatsa ɗaya takan ba da miligiram 200 zuwa 1000 in an busar, alhali ƙasa da miligiram 100 ya isa ya kai ƙato kushewa. Duk da haka ba ta cika sara ba. Ana taka ta ma wani lokaci ta yi huci kawai ta ƙyale. Bahaushe da ya ce barcin kasa ya san abin da ya gani.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar shi ne mutanen da suka iya mu'amala da ita: wanda ya iya ganinta, da wanda ya iya ɗaukarta, da wanda ya iya sa ta zubar da dafinta a cikin kofi ba tare da shi ko ita wani ya ji ciwo ba.

Gani shi ne matakin farko, kuma ya fi yadda ake zato wuya. Na tambayi jagoran, ta bakin Kawu, yadda ya hango ta yana tafe yana hira. Ya ce shi ba maciji yake nema ba, don mai neman siffar maciji a ƙasan kurmi zai kwana bai samu ba. Ganye ba ya faɗuwa a jere. Duk inda ya ga zane ɗaya ya maimaita kansa sau biyu, sau uku, da tazara iri ɗaya, to akwai mai shi. Da na sake kallon bayanta na gane nufinsa. Wasu dogayen murabba'ai masu ruwan madara ne a jere bisa ƙashin baya, tsakaninsu baƙin zane mai tsukakken ƙugu kamar kalangu, gefe kuma alwatika ruwan ƙasa da shuɗi-shuɗi, tsaf kamar aikin maɗinkin Zariya a wuyan babbar riga. A kan tebur zanen yana ɗaukar ido daga nesa. A cikin ganye shi ne ke yayyanka jikin gunduwa-gunduwa har ido ya kasa haɗa shi. Baƙin da ke ciki ma ba irin wanda aka saba ba ne. A 2013 wasu masu bincike a Jamus sun duba fatar 'yar uwarta ta Afirka ta Yamma a madubin ƙara girma, suka tarar ɓawon wurin baƙin yana da wasu ƙananan tudu masu shanye haske kamar karammiski, shi ya sa ido ke ɗaukarsa rami ne tsakanin ganye.

Alama ta biyu sawu ne. Yawancin macizai suna tafiya a karkace, su bar sawu mai lanƙwasa. Kasa kuwa miƙe take tafiya, tana jan ciki a hankali, sawunta kamar an ja buhun gero a kan laka. Kare ma ba lallai ya taimaka ba. A 2015 masana a Jami'ar Witwatersrand ta Johannesburg sun horar da karnuka su gane warin macizai iri-iri. Karnukan suka gane na sauran, suka gane har saɓar kasarmu ta gona, amma ita kanta mai rai suka kasa shinshino ta. Macijin ƙaiƙayi ke nan na gaskiya.

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san gardawa. Ran kasuwa ko lokacin Sallah sai ga su da akwati da ganga, a buɗe a zaro gamsheƙa a rataya a wuya, yara na ihu, ana sayar da laƙani. Ba na raina su. Mutumin da ya shekara talatin yana kwana ɗaki ɗaya da kumurci ya san halin maciji fiye da mai digirin da bai taɓa riƙe ko tsadaraki ba. Sai dai da yawa daga cikin macizan wasan an cire musu fiƙa, kuma fiƙa tana da magajiya: a bayan kowace akwai wasu a kwance cikin dasashi suna jiran layi, in ta gaba ta faɗi cikin 'yan makonni wata ta maye gurbin. Gardin da ya manta lissafin kwanakin nan, laƙaninsa ba zai tuna masa ba. Mai tatsar dafi kuwa ba shi da wannan sauƙin ko na kwana ɗaya. Shi macijinsa cikakke yake so, da fiƙarsa da jakar dafinsa, lafiyayye mai cin abinci, wanda zai rayu shekaru yana bayarwa kamar saniyar tatsa.

A cikin waɗanda suka yi suna wajen ɗaukar kasar kurmi akwai C. J. P. Ionides, Bature ɗan Ingila mai jinin Girka, wanda ya yi aikin gandun daji a kudancin Tanganyika, Tanzaniya ta yau, daga baya ya koma kama macizai don gidajen namun daji da masu haɗa makari. Ya rasu a 1968. Yadda aka ba da labarin aikinsa, in ya samu kasa ba ya yi mata dirar mikiya. Sai ya ɗauki dogon awartaki ya ɗan taɓa ta a ka, a hankali, ya jira. In ta yi huci ta kumbura, to yau ba ranar wasa ba ce. In ta yi shiru, wanda shi ne aka fi samu, sai ya ajiye awartakin, ya kama wuyan da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya tallafi jikin, ya ɗauke ta ya sa a akwati, ita ko motsin kirki ba ta yi ba. Abin da ya burge ni a nan taɓawar farkon ce. Mutum ya ɗauki irin macijiyar nan sau ba adadi, amma kowace sai ya yi mata sallama ya ji amsarta tukun.

Don haƙurin nata shi ne tarkon. Gamsheƙa tana fasa kai, kububuwa tana goga jikinta tana ƙara kamar ana soya albasa, kowa ya ji ya shiga taitayinsa. Kasar kurmi sai ta kwanta wata da watanni kamar matashin kai, har mai kula da ita ya fara buɗe akwatin da hannu ɗaya yana waya da ɗayan. Sabo turken wawa. Ranar da za ta kai sara, ido ba ya bin saurinta, kuma tana iya kaiwa ta gefe ba tare da ta naɗe jiki ba. In ta kama kuma ba ta cika saki nan take kamar sauran danginta ba, riƙewa take yi tana ɗura dafin. Marlin Perkins, wanda daga baya ya yi suna a talabijin ɗin Amurka da shirin namun daji, yana saurayi mai kula da macizai a gidan namun daji na St. Louis a ƙarshen shekarun 1920 irinta ta same shi a yatsa, da ƙyar aka ceto ransa.

Ga yadda ake tatsar. Ba aikin mutum ɗaya ba ne in macijiyar babba ce. Da ƙugiya mai dogon mariƙi ake fito da ita, a ɗora kan shimfiɗa mai taushi, a danne bayan kan da sanda mai roba a baki, dannewar da za ta hana juyi amma ba za ta taɓa ƙashi ba. Sai hannu ya sauka. Babban yatsa a gefe ɗaya, na tsakiya a ɗaya gefen, dukansu a bayan kusurwar muƙamuƙi, manuni kuma a bisa ƙeya. Wurin ba ya karɓar kuskuren ko faɗin tsinke. In hannu ya yi baya, ta sami wuyan da za ta juyo da shi. In ya yi gaba, yatsa ya shiga inuwar fiƙa, kuma fiƙar nan a kan maƙala take, tana naɗewa a rufin baki, tana miƙewa, kowace tana motsi ita kaɗai, har takan huda leɓen macijiyar na ƙasa ta tarar da yatsan da ke wurin. Mutum na biyu yana rungume da jikin, don kilo 8 na tsoka zalla in ya yi fizga ɗaya zai iya ƙwace kan, ko macijiyar ta karya wuyanta da kanta. Su biyun ba sa surutu. Kowa ya san lokacin da ɗayan zai motsa.

An riga an ɗaure bakin kofin gilashi da siririyar leda mai talewa. A kawo bakin macijiyar kusa, ta buɗe, fiƙoƙin su miƙe daga kubensu, su huda ledar. Sai dafin ya gangaro, rawaya, da ɗan kauri kamar man gyaɗa. Mai tatsar ya ɗan matsa kumatun da yatsu a hankali, inda jakunkunan dafin suke a bayan ido, waɗanda su ne suka ba kan faɗinsa. Masu bincike biyu a Landan, Marsh da Whaler, sun ruwaito a 1984 cewa an taɓa samun mililita 9.7 daga kasa guda a zama ɗaya, kusan cokalin shayi biyu. Su sukan sa wa macijiyar maganin barci su motsa jakar dafin da 'yar wutar lantarki, kuma sun tatsi macizansu sau da dama cikin shekara ba tare da lafiyarsu ko ƙarfin dafin ya ragu ba.

Masu aikin sun fi tsoron saki a kan kamu. Lokacin kamu hankali a tashe yake, macijiyar kuma ba ta fusata ba tukuna. Lokacin saki an gama, hannu ya gaji, gumi ya jiƙa yatsu, ita kuma ranta a ɓace. Jiki ake fara sa wa a akwati, kai ya zo ƙarshe, hannu ya bar wuyan ya yi sama a motsi ɗaya, murfi ya rufe.

    

Dafin da aka tatsa ana daskarar da shi a busar ya zama gari, a ajiye shi shekaru. Daga nan aiki ya koma hannun doki. Ana yi masa allurar ɗan mitsitsin dafin, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin watanni, har jininsa ya ƙera garkuwar da ke ɗaure dafin. Sai a ɗebi jinin, a ware ruwansa, a mayar wa dokin jajayen ƙwayoyinsa, a tace garkuwar a zuba a 'yan kwalabe. Wannan shi ne makarin da ake ɗura wa wanda aka sara ta jijiya. Albert Calmette na Cibiyar Pasteur ne ya fara shi wajen 1895 da dafin gamsheƙar Asiya. Vital Brazil, wanda ya jagoranci Cibiyar Butantan a São Paulo tun 1901, shi ya nuna cewa makarin wani maciji ba lallai ya yi aiki a kan saran wani ba. Wannan binciken ne ya sa mai tatsa ya zama ba makawa. In ana son makarin kasar Gabon, dole wani ya riƙe kasar Gabon da hannunsa. Har yau makarin da ake haɗawa a Johannesburg mai maganin macizai iri 10 yana da dafinta a ciki.

Mu a Arewa ba ita ce matsalarmu ba. Tamu kububuwa ce, gobe-da-nisa, 'yar ƙarama mai saurin fushi, wadda ke cika asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe duk lokacin shuka da girbi, sai kasar gona da kumurci. Amma hanyar ɗaya ce. Makarin EchiTAb da aka daɗe ana amfani da shi a can, macizan Najeriya aka kama aka sa a jirgi zuwa Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool, inda Paul Rowley ya shafe shekaru yana tatsa. Garin dafin ya wuce Wales a yi wa tumaki, wani ya wuce Cibiyar Clodomiro Picado a Kosta Rika a yi wa dawaki, sannan kwalba ta dawo Kaltungo. Macijin da aka kama a bayan gonar mutum sai ya zaga nahiya uku kafin ya zama maganinsa. Akwai kuma ɗan gwajin da David Warrell da abokan aikinsa suka bayyana a 1977 daga aikin da ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya: a zuba jinin wanda aka sara kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20, a karkata. In bai daskare ba, dafin kububuwa na aiki, a kawo makari. Ba ya bukatar lantarki ko na'ura, kuma ana amfani da shi yau a ƙasashe da dama. A Kano, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya daɗe yana wannan fagen.

Sai dai gwanintar hannu ba ta iya da kasuwa. Fav-Afrique, makarin kamfanin Sanofi Pasteur da ke maganin macizai iri 10, har da kasar Gabon da tamu da kububuwa, an daina yinsa a 2014 don ba ya kawo riba, kwalaben ƙarshe suka lalace a Yunin 2016. Masu sayensa manoma ne da makiyaya marasa takalmi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, tana ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara, a 2019 kuma ta sa burin rage adadin da rabi kafin 2030. Wanda aka sara dai, abin da likitoci ke roƙo bai canza ba: kar a ɗaure da igiya, kar a tsaga, kar a tsotsa, a cire zobe da warwaro kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Kawu ya fi shekara ashirin yana sayar da yadi a kasuwar Mont-Bouët, kuma ya ce kafin ranar nan bai taɓa ganin kasar kurmi da rai ba, sai dai gunduwarta a teburin masu naman daji, don mutanen ƙasar suna cinta. Da yamma ta fara yi muka juyo ta hanyar da muka bi. Na gane itacen okumen, na gane saiwar da ta fito kamar katanga, na tsaya daidai inda na tsaya da safe, na ce wannan karon da kaina zan nemo ta. Na bi ganyen ɗaya bayan ɗaya ina neman zanen da ya maimaita kansa.

"Kawu, ta tafi."

Kawu ya juya ya tambayi jagoran. Mutumin ya yi murmushi, bai ce komai ba, ya ɗan matsar da ni baya da gefen sandarsa, taku biyu.